Yadda Na Saci Dukiyar Hajiya Daga Nesa

Kafin a san ni da sata, ni mai gyaran kwamfuta ne a Tambuwal. Ina da ɗan shago kusa da tasha, ina ciyar da matata da tsohuwata. Ba ni da yawa, amma ba wanda ya taɓa zargina da komai.

Cikin masu ba ni aiki akwai wata Hajiya mai shagon magani a Kebbe. Duk sanda kwamfutarta ta ƙi aiki sai in hau babur in bi hanyar nan mai ramuka, in dawo jiki duk ciwo. Da damina ta kankama, sai na saka mata wata manhaja da ke ba ni damar sarrafa kwamfutarta daga shagona, kamar ina zaune gabanta. Na ce, "Hajiya, in ta lalace kira na kawai za ki yi." Ta ce, "To ɗana, amana nika ba ka."

Da farko ba na shiga sai ta kira. Wata rana na gama gyara, na ce bari in ɗan leƙa. Na tarar shafin bankinta a buɗe, lambar sirrin ma a ajiye. Na rufe da sauri. Washegari na koma ba wanda ya kira ni. Na ɗibi kaɗan, na ce wa raina rance ne. Ban taɓa mayarwa ba, kuma ban daina ba.

Da ta lura, ni ta fara kira tana kuka. "Don Allah duba mini, wa ke yi mini wanga aiki?" Na ce, "Hajiya, wanda ke taɓa kwamfutar kullum shi za ki tuhuma." Ƙanenta ke tsaron shagon, magidanci mai 'ya'ya. Ya rantse har ya gaji, ta kore shi gaban jama'a. Na ji labari, na kasa cin abinci, amma bayan kwanaki na sake shiga.

Ranar da asirina ya tonu, na zaci ta tafi sallar azahar. Ashe tana zaune, tana kallon kibiyar kwamfuta na yawo ita kaɗai tana buɗe asusunta. Ta tuna mutum ɗaya ke iya wannan.

Ta kai ni ƙara, aka yanke mini hukunci, aka kai ni gidan yari a Sakkwato. Matata ta koma gidansu. Inna ta zo ganina sau ɗaya, da ƙyar take tafiya. Na riƙe ƙarfen da ke tsakaninmu ina roƙonta ta yafe mini. Ta ce, "Ba ni za ka roƙa ba. Bawan Allah da ka sa aka kira ɓarawo fa?" Ta rasu ina ciki, ban ga gawarta ba.

Da na fito na tafi Kebbe. Hajiya ta ce ta bar ni da Allah. Ƙanenta kuwa na durƙusa ƙofar gidansa har rana ta yi sanyi, ya aiko a ce mini in tafi. Har yau ba ya magana da yayarsa.

Matasa, manhajar nan ba ta da laifi, tana rage wahalar tafiya. Amma kada ku shiga kwamfutar kowa sai shi ya kira ku, yana zaune yana kallon abin da kuke yi. In kun gama ku fita, ku sa shi ya canza lambar sirrin. Na tuba, kuma kullum ina roƙon Allah ya shirya tsakanin 'yan'uwan nan da na raba, don ni na kasa.