Gwiwar Umma da Gwiwar Goggo

Bayan an sa wa Umma gwiwar ƙarfe a wani asibiti a Abuja, likita ya ce ta yi tafiya, ta hau bene, ta yi salla a kujera, amma kada ta durƙusa. Da safe nakan leƙa ta taga in ga tana zagaya tsakar gida a hankali, kamar mai koyon rawa.

Sai aka yi suna a Jiwa, gidan dangin Baba. A can matar ɗa ba ta gaida manya a tsaye. Umma ta yi sallama, ta sunkuyar da kai. Goggo, yayar Baba, ta dube ta sama da ƙasa.

"To, 'yan birni! An sa ƙarfe a ƙafa, ya hau har wuya. Ƙasar ce ta yi miki datti?"

Mata suka kwashe da dariya. Umma ta durƙusa. Tashi ya gagara, sai da muka ciccibe ta, zaninta na zamewa. Gwiwar ta kumbura. Kumburin ya sace daga baya, amma Umma ba ta ƙara taka taron dangi ba.

Ni mai son kallon hadari ce da shuka furanni a gwangwani. Ban iya faɗa ba. Ajiyewa na iya.

Da gwiwar Goggo ta cinye, Baba ya kawo ta aka yi mata irin aikin, ta yi jinya a gidanmu. Likitan gashin ƙashi ya nuna yadda za a riƙa lanƙwasa ƙafar kullum, in ba haka ba ta sanƙare. Na ce ni zan yi.

"Wayyo! 'Yar nan, kashe ni za ki yi?"

"Likita ne ya ce, Goggo. Saura kaɗan."

Ban taɓa wuce inda aka nuna mini ba, ban kuma taɓa sassautawa ba. Da muka koma asibiti, likita ya yaba da tafiyarta. Na fi ta murna. A tsaye nake son ta.

Biki ya taso a Jiwa. Na yi ta lallashin Umma har ta yarda ta zo. Muna tsakar gida sai Iya, tsohuwar gidan, ta fito daga ɗakinta. Mata duk suka zube ƙasa. Mutum biyu suka rage a tsaye, Umma da Goggo.

Daga inda nake durƙushe na ɗaga kai, na tausasa murya yadda kowa zai ji.

"Goggo, ƙasar ce ta yi miki datti?"

Goggo ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Iya ce ta fara dariya, ta ce a kawo kujeru biyu.

A mota Umma ta murɗe mini kunne. "Marar kunya kawai." Amma da wani bikin ya zo, tun ana gobe ta goge leshinta, ta rataye a ƙofa.