Waken Orval Tackett

Shekara talatin Orval Tackett, mai gyaran injin ban-ruwa a garinmu, yana cewa duk wanda ya zuba wake a miyar cili, wato miyarmu ta nama da barkono, bai cika ɗan Texas ba. Sai ga shi ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ya hana shi jan nama.

Da wani ne, da ya bi dokar shiru. Orval kuwa wa'azi ya fara. In ya gan ka da nama sai ya girgiza kai, ya ce, "Ɗan'uwa, kabarinka kake haƙawa." Ya ce ya rage nauyi, amma wandonsa bai shaida ba.

Ranar gasar girki ta coci ya kawo tukunyar cili ta wake zalla, har da allon da ya rubuta cewa babu nama. Aka yi ta layi, ni ma kwano biyu na sha.

Da Wanda Purifoy, tsohuwar da ke alƙalanci, ta ɗanɗana, sai ta juya ludayi ta ciro ƙashi.

"Orval, wannan waken naka da ƙafa huɗu yake yawo?"

"Don ƙamshi ne kawai, Wanda!"

"Haƙarƙari guda don ƙamshi?"

Matarsa Lurleen ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kwana tara kacal ya yi yana bin doka.

Yanzu a fili yake cin namansa. In ka tambaye shi sai ya ce likitan ɗan jihar Oklahoma ne, ba ɗan Texas ba, me ya sani game da nama?