Damalgon Baffa Ummaru

A ƙauyenmu Kashin Zama, da an yanke dawa sai samari su fara feƙe kara. Su zaɓi mai kauri, su huda shi, su tsaga ɗan harshe a gefe, su liƙa 'yan ƙwarya a bakinsa biyu. Shi ne damalgo. Kukansa ƙasa-ƙasa yake, kamar saniya na neman maraƙinta. Ko a lokacin, masu iya shi ba su da yawa.

A irin wannan lokaci ne kakarmu, Inna Hassi, take tara mu bakin murhu bayan magariba. Mace ce mai faɗa, amma da ta ce, "Ga ta nan tahe, ku tare ta," sai muryarta ta yi laushi.

Tatsuniyar kullum ɗaya ce. Wani saurayi ya tafi tsaron gona can bayan daji, ya bar uwarsa makauniya. Kowace yamma yakan busa damalgo, ta ji, ta san yana raye, sannan ta ci tuwo. Wata rana kura ta zagaya gonar. Yamma ta yi, babu busa.

Nan Inna take tsayawa.

"Inna, kurar ta cinye shi?"

"Ke dai kin cika tambaya! Wata ƙila karan ne yat tsage. Kara na bushewa, ɗiyata. Ku tashi ku kwanta."

Wallahi haushi nake ji. Har kuka na taɓa yi, na ce tsohuwar nan rowar ƙarshe take mana.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini. Inna tana da ɗa, Baffa Ummaru, wanda duk ƙauyen babu mai busa kamarsa. Ya bi motar albasa daga Aliero zuwa kudu kafin a haife ni. Ba gawa, ba labari. Har Inna ta rasu ba ta yarda an yi masa sadakar mutuwa ba.

Yanzu nawa ɗan, Nasiru, shi ma motar albasa yake bi. Duk inda suka yada zango yakan kira ni, ko da "Umma, lahiya lau" ne kawai. Tun shekaranjiya lambarsa ba ta shiga. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ɗazu ƙanwarsa ta ajiye mini tuwo, ta tsaya tana kallona.

Na ce mata, "Caji ne ya ƙare masa. Waya na mutuwa ai. Rufe tuwon, sai an jima."