Sawun Tayar da Kakata Ta Rufe da Daro

Jiya na ga sawun taya a laka kan hanyar Aliero, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Ranar da mota ta kaɗe ƙanena ta tsere, muna ta kuka, ita kuwa ta kifa daronta kan sawun, hannunta na warin albasa. Ta ce, "Kada kowa shi taka! Tayar tana da tsaga, masu bincike za su gane ta."

Kafin su iso, maƙwabcinmu ya ɗage daron ya murje wurin da ƙafa. Ashe motar surukinsa ce. Wai, "Ƙaddara ce, Inna."

Ta ce, "Ƙaddara ba ta share sawu."

Har yau raina tafasa yake.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya bi mana hakkin yaron nan.