Zaman Alhamis a Gwallameji

Shekarar da muka tare a Gwallameji, gidaje shida ne kawai masu mutane a layinmu, sauran duk kango ne da tulin bulo. Ni kuwa a Ƙofar Wambai na tashi, inda ko tari mutum ya yi a ɗaki sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambayi lafiya. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, tun safe yake fita. Ni ina koyar da tarihi a wata sakandaren 'yan mata, in dawo da azahar in rufe ƙofa, daga ni sai 'yata mai shekara biyu. Ga shi ban daɗe da yin ɓari ba, kuma babu wanda nake iya yi wa zancen.

Ana haka wata dattijuwa ta yi sallama da yamma, ɗauke da kwanon masa da miyar taushe. Gidanta ne babba a ƙarshen layi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a wasu garuruwa. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗauki 'yata ta ɗora a cinya, sannan ta dube ni sosai.

"'Yata, ba kya samun barci, ko?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta bari na yi kukana har na gaji, sannan ta ce matan unguwa suna haɗuwa a gidanta duk Alhamis bayan la'asar, in na ga dama in leƙo.

Na leƙa. Mun kai mu ashirin, wasu daga layukan baya, wasu har keke napep suke hawa su zo. Kowa Uwa take ce mata, ni ma na bi. Ana shan kunun gyaɗa, a yi hira, a yi addu'a, ta ba da shawara kan zaman gida da tarbiyyar yara. Ba zan ɓoye alherin wurin ba. Idan ɗayarmu ta haihu, har a yi suna ba ta ɗora tukunya. Lokacin da 'yata ta yi ƙyanda, mata uku ne suka riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonta don in samu in je makaranta. Sai na ji na sake samun unguwa irin wadda na baro.

Akwai kuma abin da Uwa take kira sauke kaya. Takan kira mace ɗaya zuwa ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta ce ki faɗi abin da ya fi yi miki nauyi a zuciya, ba mai ji sai ita da Allah. Ranar da ta kira ni, na gaya mata abin da ko mahaifiyata ba ta sani ba: bayan ɓarin nan na tsani ganin maigidana, har na taɓa haɗa kayana a akwati da niyyar tafiya, sannan na mayar kafin ya dawo. Na fito daga ɗakin jikina sakayau.

Ba zan iya nuna ranar da abubuwa suka canza ba, don ba rana ɗaya ba ce. Da farko cewa ta yi ya kamata mu yi mayafi iri ɗaya, kore, don a san mu a wurin biki. Daga baya ta ce duk mai tafiya ta zo ta sanar a yi mata addu'a. Sannu a hankali sanarwar ta koma neman izini, ba tare da wani ya faɗi haka da baki ba. Waɗanda ba sa zuwa zaman kuwa, mutanen waje muke kiran su, ko da yayyenmu ne.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne fuskarta. Wani makon tana ganina za ta matsa mini wuri a damanta, ta ce, "Ga malamarmu, mai hankalin gidan nan." Mako na gaba in gaishe ta ta amsa da ka, idonta yana wani wurin. Sai in yi kwana bakwai ina binciken kaina, me na faɗa, wa na ɓata wa. Idan ta sake yi mini murmushi sai in ji kamar an yafe mini wani babban laifi, alhali ban san laifin ba.

Da ma Alhamis ce ranar da nake zuwa gaida mahaifiyata a Ƙofar Wambai. Na mayar da ita Asabar, daga baya Asabar ɗin ma ta riƙa tsallakewa, don Uwa takan ce yawan kai ƙafa gida yana hana mace zama da gindinta. Wata rana na je, zance kaɗan sai in ce Uwa ta ce. Mahaifiyata tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Ita wannan uwar taki, ita ma naƙudarki ta yi?" Na yi fushi, na tafi ko abinci ban ci ba.

Wadda na fi shaƙuwa da ita a zaman ita ce maƙwabciyata ta jikin katanga, tela ce, Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Mace ce mai dariya da ƙarfi, ba ta iya riƙe magana. Nakan zauna wurinta tana taka keken ɗinki muna hira. Wata rana ta ciji zare ta ce, "Malama, wallahi nan gaba sai mun nemi izinin Uwa kafin mu sa gishiri a miya." Muka yi dariya har da riƙe ciki.

A makon nan Uwa ta kira ni ɗaki. Ta riƙe hannuna, ta ce a duk cikin matan ni ce ta fi yarda da ita, kuma tana jin tsoron kada shaiɗan ya shiga tsakaninmu. Ta ce ta lura zuciyar Maman 'Yan Biyu ta fara nisa, tana so ta taimake ta tun da wuri. "Me take cewa idan kuna zaune?" Na ce babu komai. Ta ci gaba da kallona, hannuna yana cikin nata. Ta ƙi sakin hannun. Sai na faɗa mata maganar gishiri, ina 'yar dariya don ta san wasa ne. Ita ma ta yi murmushi, ta sa mini albarka.

Ranar Alhamis, bayan an gama shan kunu, Uwa ta ce akwai wadda take ganin an takura mata har a tukunyar miyarta. Ba ta ambaci suna ba. Ta ce ba ta riƙe kowa a zuci ba, don ta san damuwa ce take sa mutum sakin baki. "Mu taya 'yar uwarmu mai ɗinki addu'a, Allah Ya fito da ƙaninta daga gidan yari, Ya shirye shi daga ɗauke-ɗauke."

Babu wanda ya san wannan magana, ko dangin mijinta ba su sani ba. A ɗakin sauke kaya Maman 'Yan Biyu ta faɗa wa Uwa ita. Muka ɗaga hannu muka ce amin, har da ni. Maman 'Yan Biyu ta miƙe a hankali, ta nemi takalmanta, ta fita.

Uwa ba ta ce mu ƙaurace mata ba. Abin da ta faɗa kawai shi ne, "Ni ba zan hana kowa komai ba, kowacce ta san inda zuciyarta take." Washegari mata suka fara zuwa wurin Maman 'Yan Biyu karɓar atamfofinsu ba a ɗinka ba. Ni ma na je. Ta miƙo mini nawa a leda, ta ce, "Na riga na yanka hannun, duk wanda zai ɗinka ki gaya masa." Daga nan idan na hango ta a layi sai in tsaya gyara ɗaurin 'yata har ta wuce.

Bayan wata biyu mahaifiyarta ta rasu a gidanta. Kwana uku ana zaman makoki a bayan katangata, ina jin sallamar masu zuwa da ƙarar kwanuka. Na sa mayafi sau biyu, na kai bakin ƙofa na dawo, don na san duk wadda ta shiga, kafin magariba labari ya isa ƙarshen layi. Maigidana ya je ya zauna da maza. Da ya dawo ya tambaye ni ko na shiga, na ce kaina ke ciwo. Ya dube ni, ya wuce ɗaki. Ba a yi arba'in ba suka tashi daga unguwar.

A zangon karatun nan ina koyar da 'yan aji na ƙarshe tarihin masu mulkin kama-karya, na nesa da na kusa. Ina cikin rubutu a allo wata ɗaliba da ke zama a baya ta ɗaga hannu.

"Malama, shi fa mutum ɗaya ne, su kuma ƙasa guda. Me ya sa ba su ƙi ba?"

Na ba ta amsar da ke cikin littafi: yana da sojoji, yana da kurkuku.

"To su sojojin, me ya sa suka bi shi?"

Na ajiye alli na fara bayani. Na ce da yawansu ba da tsoro suka fara ba, da alheri suka fara, don ya same su cikin buƙata ya share musu hawaye. Na ce yakan raba mutum da danginsa har ya zama ba shi da wurin komawa. Yakan san sirrin kowa. Yau ya ɗaga ka, gobe ya yar da kai, ka rasa dalili. Kuma ba sai ya sa ɗan sanda a kowace ƙofa ba, maƙwabci ne yake kai rahoton maƙwabci, yana ganin taimako yake yi. Ina kaiwa nan na tsaya. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardar da na shirya darasin. 'Yan matan suna ta rubutawa, ni kuwa na ce su buɗe shafi na gaba su karanta da kansu, na zauna a kujera har aka kaɗa ƙararrawa.

Ban daina zuwa gidan Uwa nan take ba. Sai da na ƙara Alhamis huɗu, ina zaune a damanta ina amsa amin. A ta biyar, na goya 'yata, na tari keke na ce Ƙofar Wambai. Mahaifiyata ba ta tambaye ni komai ba, tuwo kawai ta ƙara a tukunya.

Na san abin da zai biyo baya, don haka da na dawo, bayan maigidana ya ci abinci, na gaya masa zancen akwati da bakina. Ya yi kwana biyu ba ya doguwar magana. A na uku ya ce, "Da kin faɗa mini a lokacin. Ni ma ɗana ne ya tafi." Ban taɓa tunanin haka ba sai ranar.

Mata biyu suka zo duba ni da koren mayafinsu, suka ce Uwa ba ta iya cin abinci saboda tunanina. Na ce ina gaishe ta. Mako na zagayowa aka yi mini tawa addu'ar a zaman, Allah Ya zaunar da masu haɗa akwati a ɗakunansu. Gaisuwa ta ɗauke a layi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma gaskiya na yi kewar wurin. Duk Alhamis da la'asar sai in ji ƙafata tana so ta nufi ƙarshen layi. Bayan 'yan shekaru babban ɗan Uwa ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, zaman ya watse. Har yau akwai masu ambatonta da hawaye, ba na kuma yi musu gardama.

Sai da shekara ta zagayo da daina zuwana zaman na samu ƙarfin neman Maman 'Yan Biyu. An ce mini ta buɗe shago a Fadaman Mada, kusa da wani mai walda. Na same ta tana auna wata mata. Na jira har matar ta tafi, sannan na durƙusa na yi mata ta'aziyyar mahaifiyarta.

"Allah Ya ba da lada," ta ce. Ta tura mini kujera da ƙafa.

Na ce akwai abin da na zo faɗa. Ta ce ta sani, mu biyu ne kawai a ɗakin ranar da ta yi maganar gishiri. Na nemi ta yafe mini. Ta daɗe tana naɗe tef a yatsanta, sannan ta ce, "Kin tuna matar direban nan da ta daina zuwa kafin ki saba da mu? Ni na kai tata maganar. Ni ma an riƙe hannuna an ce ni aka fi yarda da ita."

Ƙarar walda tana ta shigowa daga waje. Ta aika aka sayo mana zoɓo mai sanyi, muka sha, ta tambayi 'yata, na tambayi 'yan biyu, ta ce sun shiga firamare. Ba mu koma yadda muke da ba, kuma ba mu yi ƙoƙarin hakan ba. Amma da zan tafi ta rako ni har bakin titi, ta ce ta ji an ce matar direban tana wajen Yalwa yanzu, ko zan raka ta ranar Asabar. Na ce zan zo da hantsi.