Rigar Ɗan Gana

Kawu Mainasara, ƙanin mahaifiyata, tela ne a kasuwar Bodinga, kuma ba ya auna mutumin da ya sani. Baƙo ake sa wa tef. Wanda kuka saba, kallo ɗaya za ka yi masa ka yanka yadi. In maƙwabci ya ce a auna shi, fushi Kawu yake yi, wai an raina zaman tare.

Kusa da rumfarsa akwai wani mai gyaran rediyo da ya zo daga Gana, kowa Ɗan Gana yake ce masa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Kawu kuwa ko Turancin sayen burodi ba ya ji. Amma kullum da la'asar suna kan benci ɗaya, rediyo na shan iska, keken ɗinki na ta ƙara. Ɗan Gana ya yi ta ba da labari yana nuna kudu da sukuddireba, ya ƙare da "Yu andastan?" Kawu ya gyaɗa kai. Har ga Allah ganewa yake yi. Kawu ya ce mana akwai ruwa mai yawa a garin su Ɗan Gana, da wata tsohuwa mai jira. Yadda ya ji haka, oho.

Da aka shiga 1983, gwamnati ta ce baƙi marasa takardu su bar ƙasa. Kawu ya ajiye ɗinkin kowa, ya ɗauko farar shaddar da ya ɓoye wa Sallah, a lokacin da sabulu ma sai an yi layi. So yake tsohuwar nan ta ga ɗanta cikin rigar Sakkwato. Aikin wuyan rigar ya ci masa lokaci. Ranar da ya gama, rumfar rediyo a rufe take.

Ya ruga tasha. Babbar mota ta cika da mutane da katifu.

"Wa kaka biɗa?" in ji ɗan kamasho.

"Ɗan Gana."

"Duka 'yan Gana na, Malam. In mai rediyo kaka faɗi, ya bi motar safe."

Wani dattijo mai jin Hausa ya leƙo daga bayan mota, ya miƙo hannu. "Kawo, zan kai masa. Yaya sunansa? Wane gari?"

Kawu ya buɗe baki. Ya san faɗin kafaɗar Ɗan Gana, ya san hannunsa na dama ya ɗan fi tsawo. Dattijon yana jira, hannu a miƙe, har direba ya tayar da mota.

Har yau tausayin Kawu nake ji, tsaye a tasha da riga a hammata.