Ranar da Aka Kwaikwayi Kailani

Kailani ɗan mahauta ne a Tudun Wada, kuma yana da in'ina. Tun yana firamare malamai suka daina nuna shi in ya ɗaga hannu, wai yana cinye musu lokaci. Da ya gama sakandare ya so ya karanci adabi a jami'a, mahaifinsa ya ce wanda ciniki ma ke ba shi wuya ina shi ina karatun magana. Ya ba shi wuƙa da tebur a bakin kasuwa.

Da ya isa aure ya nemi Bahijja, wata 'yar unguwar Gyallesu. Tana sonsa, amma kawunta ya ce gidansu ba sa haɗa zuri'a da masu fawa. Kailani ya je da kansa don ya roƙi arziki. Ya durƙusa a zaure, kalmar farko ta maƙale masa a wuya. Kawun ya ɗan dube shi, ya ce, "Allah ya ba ka wata," ya shige cikin gida.

Abin da baki ya hana shi sai ya koma yi da biro. Akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwa, shugabanta Malam Nagoda, kuma Kailani ne ke rubuta musu wasanni. In nama ya ƙare ya wanke hannu, a nan kan benci yake rubutunsa. Bai taɓa hawa dandamali ba, ba a kuma taɓa cewa ya hau ba.

Wata shekara ya rubuta wasa a kan wani mahauci mai in'ina da ya je neman aure. A cikin wasan, dattijon gidan ya yi haƙuri ya saurare shi har ya kai aya. Nagoda ya karanta, ya ce, "Wannan kam zai karɓu." Lokacin hidimar Sallah ne, kasuwa ta yi kyau, don haka Kailani bai samu zuwa wajen gwaji ba.

Ran Asabar da la'asar aka nuna wasan a ɗakin taro na wata makaranta ta wajen unguwar Kongo. Mujahid, wanda aka ba matsayin mahaucin, ya fito da riga jina-jina, da wutsiyar saniya rataye a kafaɗa. Ya karkace baki, ya runtse ido, ya riƙa buga ƙafar dama a ƙasa. Ɗakin ya kece da dariya.

Kailani ya gane wannan bugun ƙafar, domin nasa ne. Sai a lokacin ya fahimci abin da ke kawo Mujahid teburinsa kwanan nan, ya yi ta jan sa da hira, ko tsoka ɗaya bai saya ba.

Ya tashi ya ratsa kujeru ya haye dandamalin. So yake ya ce ba haka ya rubuta ba. Ya buɗe baki, "Ba... ba... ba..." Ƙafarsa ta buga ƙasa da kanta. Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, suka ƙara ƙyaƙyatawa, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ya fizge wutsiyar daga kafaɗar Mujahid, ya yi jifa da ita, ya fice.

Nagoda ya tarar da shi a bakin ƙofa.

"Haba Kailani, ka kusa ɓata mana wasa. Dariya mutane suka zo yi. Wa zai zauna yana sauraron mai in'ina yana tsara zance?"

Kailani ya buɗe baki zai amsa.

"Na sani, ranka ya ɓaci," in ji Nagoda. Ya dafa kafaɗarsa, ya koma ciki, don ana tafi ana kiran sunansa.

Bidiyon ya zaga wayoyin unguwa. Har 'yan acaɓa in sun wuce teburinsa sai su buga ƙafa. Kailani ya bar ƙungiyar, ya kuma kafa doka a teburinsa: duk wanda ya ƙarasa masa magana, ba zai sayar masa da nama ba. Ya yi asarar masu saye da dama, mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji, Kailani bai janye ba.

Bayan wasu watanni ƙungiyar ta rasa mai rubutu. Nagoda ya zo kasuwa, ya yi sallama, ya ce ana bukatar sabon wasa. Kailani ya ajiye wuƙa ya fara magana. Ya daɗe yana yi, ƙudaje na bin naman, Nagoda na tsaye a rana yana zufa, bai yarda ya sa baki ba. Kailani ya faɗa masa duk abin da ke ransa, tun daga wutsiyar saniyar har zuwa dafa kafaɗa. Da ya gama ya ce ba zai rubuta ba, ya ɗauki wuƙarsa ya juya ga matar da ke jiran hanta.